Magatakardan Alƙali da Ƙanensa Tela

Shekara ashirin da shida ya yi a hagun alƙali, kan wani ƙaramin tebur mai gajeriyar ƙafa, alƙali na faɗa yana rubutawa. Sunansa na yanka ya ɓace a nan. Har matarsa Magatakarda take ce masa. In aka kira shi akawu sai ya haɗe rai. "Akawu takardu yake jerawa," yakan ce. "Magatakarda kuwa bakin wani ne a kan takarda."

Bayan sun yi ritaya, idon alƙali ya mutu. Da Magatakarda ya ji tsohon zai ba da tarihin rayuwarsa a rubuta, sai ya sayi biro uku, ya zauna jiran kira. Wata biyu shiru.

Matarsa ce ta fasa masa. Ashe ƙanen Magatakarda, tela, shi ne ya je auna alƙali, tsohon ya ce ya rubuta masa wata magana a bayan littafin awo, daga nan kullum da hantsi yana can. Tela! Mutumin da rubutunsa kamar kaza ta yi tono.

Ranar ko abinci bai iya ci ba. Washegari ya saka babbar riga, wai gaisuwa ya je gidan alƙali. Ya tarar da su a falo, tela a hagun alƙali, tsinin harshe a waje, yana jan biro da ƙyar.

"Na tsorata ranar," in ji alƙali, yana faɗa wa tela abin da zai rubuta.

"Ranka ya daɗe," Magatakarda ya tsoma baki, "a sa 'na yi takatsantsan'. Ya fi dacewa da girmanka."

Alƙali ya juyo wajen muryar. "Ka ji dalilin da ban kira ka ba. Kai abin da ya kamata in faɗa kake rubutawa. Wannan kuwa abin da na faɗa."

Magatakarda ya fita, har ya saka takalmi a juye.

Da aka gama, masu buga littafi suka kasa karanta rubutun. Tela ya zo da littattafai biyar, yana sosa ƙeya. "Yaya, a taimaka a kwafe."

"Ashe ana tunawa da mu," in ji shi. Amma ya karɓa.

A littafi na huɗu ya ci karo da kansa. Alƙali ya ce: "Magatakardana ya fi ni iya magana. In an yaba hukuncina, na san jimlarsa ake yabo, sai in wuni ina jin haushinsa."

Ya daɗe yana kallon layin. Sannan ya kwafe shi yadda yake, ya leƙa tsakar gida ya kira matarsa ta zo ta ji. Sau biyu ya karanta mata. Tela dai sai da ya yi wata guda yana gaishe shi ana amsa masa ciki-ciki.