Falankin Motar Surukina

Shekara tara ina auren 'yarsa, surukina bai taɓa taka ƙofar shagona ba. Shagon yana bayan 'yan katako a Dei-Dei, ba nisa da rumfar da yake wuni tare da tsofaffin direbobi 'yan'uwansa, amma ko kallon layinmu ba ya yi. Aikina haɗa hoto ne da guntayen katako, ba na sa fenti ko ɗigo. In ja nake so in nemi maɗaci, in fari ne malaina, baƙi kuwa zuciyar kanya. In yanka kowane guntu daidai gurbinsa, in goge, in manna shi jikin ɗan'uwansa har hoto ya fito. Masu gidajen Maitama suna ce masa intasiya, su rataya a falo. Shi kuwa surukina ya taɓa gaya wa matata wai mijinta ƙato da shi ya zauna yana wasan yara da ɓaraguzan katako. Maganar nan ta daɗe tana ci na a rai.

Wata Talata da hantsi ina sunkuye ina goge wani aiki, sai na ji sallama da muryar da ban yi zato ba. Na zabura na durƙusa.

"Baba, ku ne da kanku? Ai da kun aiko na zo."

Ya zauna a kan benci, ya kwance wani tsohon buhu, ya zaro falanki ɗaya mai tsawon kamu biyu. Maɗaci ne, ya yi duhu don tsufa. Ya ce daga marfin bayan motarsa ya fito, mai bodin katakon nan da ya shekara talatin yana kai shanu kudu da ita. Ranar da 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe suka zo yanka ta, da hannunsa ya ɓalle wannan, shi kaɗai ya rage masa. Ya miƙo mini wani hoton motar da ya koɗe.

"Ka fitar mini da ita," ya ce. "Bodin kuma da wannan za ka yi, ba da wani ba. Bayan sati uku zan dawo."

Wallahi da ya fita sai da na zagaya shagon sau biyu don murna. Na ce yau tsohon nan zai san abin da hannuna ya iya.

Falankin ya yi kauri, dole a tsaga shi ya yi siriri. Duk wanda ya san tsohon katako ya san abu biyu ake yi kafin a sa masa zarto: a tambayi mai shi ko akwai ƙarfe a ciki, sannan a bi shi da maganaɗisu. Na duba gaba da baya ban ga rami ba. Tambayar kuwa kunya ta hana ni, da girman kai, kada ya ce tun ba a fara ba na soma inda-inda. Maganaɗisun yana rataye a bango yana kallona, ni da gaggawata ban ɗauko shi ba. Na kunna inji na tura.

Bai kai rabi ba na ji ƙararas! Falankin ya yi tsalle daga hannuna ya daki bango. Na kashe inji. Da na ɗauko shi, biyu na ɗauko. Ya dare a karkace daga wannan kai zuwa wancan, ga wata doguwar ƙusa marar kai kwance a tsakiya, tsatsarta ta baƙanta naman katakon kewaye da ita. Innalillahi. Na auna, na juya, na sake aunawa. Babu ɓangaren da faɗinsa zai ba ni bodin mota.

Na tashi in je in gaya masa. Har na kai kwanar rumfarsu, na hango shi yana dariya cikin abokansa, yana nuna wajen layinmu da sandarsa. Na juya, na nufi wurin masu sayar da ƙofofin gidajen da aka rushe. Na yi ta birkita musu kaya har mai wurin ya ce, "Oga, zinariya kake nema ne?" Can ƙasa na sami wata tsohuwar ƙofar maɗaci, duhunta sak na falankin, na saya don in yi bodin da ita. Na dawo na mayar da ɓarin nan biyu cikin buhunsu, na cusa ƙarƙashin benci.

Sati ukun nan abinci ba ya wuce mini. Matata kullum sai ta ce, "Baba yana ta zancen motarsa, yaya ake ciki?" Rannan na daka mata tsawa a kan ta rabu da ni, ita da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Abin haushin kuma, ban taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba. Tayoyi na kanya, gilashi na malaina, ga ƙahonin shanu sun leƙo ta saman bodi. Na shafa mai, jijiyar katakon ta fito kamar a lasa.

Ya zo ranar da ya faɗa, bayan azahar. Ya zauna a bencin nan, ya ɗora hoton da na haɗa a cinya. Ya yi ta bin bodin da tafin hannu. Ni ina tsaye gumi yana bin bayana.

"Ita ce," ya ce, muryarsa ta canja. Ya ɗago ya dube ni. "Ashe sana'a ce."

Shekara tara ina jiran kalmar nan, da ta zo sai na ji kamar an zuba mini garwashi a riga. Ya yunƙura zai tashi, sai ya koma ya zauna.

"Ragowar fa?"

Haka ƙa'idar take. Yadda tela yake mayar da ƙyallen da ya rage, mu ma wanda ya kawo katakonsa sai a ba shi sauran.

"Ko tafin hannu ne," ya ce, "ina so in ajiye kusa da ni."

Na buɗe baki zan ce duk ya zama gari. Sai na ga idonsa ya sauka ƙasa. Bakin buhun ya leƙo dab da dunduniyarsa, buhunsa ne, da igiyar da ya ɗaure shi da ita. Na durƙusa na jawo shi. Ya ajiye hoton gefe, ya zaro ɓarin biyu, ya haɗa su a kan gwiwarsa. Suka zauna cif. Falanki ya koma kamu biyunsa, in ban da tsagar zarto babu abin da ya ragu.

Ya ɗora babban yatsa a kan ƙusar.

"Ni na buga ta," ya ce a hankali. "A hanyar Lakwaja marfin ya fara buɗewa, ga shanu a ciki. Da dutse na buga har kanta ya karye. Da ka tambaye ni, da na nuna maka inda take."

"Baba, ku yafe mini. Tsoro na ji."

"Kana da gam?"

Na shafa gam, na haɗa, na ɗaure da roba tamau. Ya zauna yana jira har aka kira la'asar. Na kawo ruwa bai sha ba. Sannan ya naɗe falankinsa a buhu, ya saka a hammata, ya dogara sanda ya nufi ƙofa.

"Baba, hoton."

Ya waiwayo. "Wancan katakon na jikinta, na wane ne?"

"Ƙofar wani gida ce da aka rushe."

"To ka nemi mai gidan ka ba shi."

Har yau in na je gaishe shi yana amsawa, yana tambayar yara. Shagon ne bai sake takowa ba. Hoton yana nan inda ya jingine shi, sai dai na juya fuskarsa bango.