Zoben Kazar Ruwa

Zobe fa, a ƙafarta! Ina tsaye bakin Farin Nilu, wajen Kalakla a Khartoum, na hango shi yana ƙyalli da ta hau wani kututture. Kazar ruwa ce, baƙa wuluk, goshinta da bakinta fari fat kamar an ɗiga mata nono. Irinsu ba sa zama da mu. Sanyi na shigowa sai ka wayi gari ka gan su, kafin zafi ya kankama sun ɓace.

Ba wanda ya koya mini tsuntsaye. A waya na tsinta, ina zaune cikin raksha, keken hayata mai ƙafa uku, ina jiran fasinja a unguwar Mayo. Kazar nan tana da 'yar'uwa a Amurka, kamarsu ɗaya. Na karanta yadda waccan ke barin tafkunan arewa in ruwa ya soma daskarewa, ta yi kudu, kuma da dare take tafiyarta. Tasu an san inda take ƙyanƙyasa, an san inda take cin sanyi. Tamu, mai iyo gaban kwalekwalen kawuna, na rasa mai gaya mini daga ina take. Amma masu bincike kan sa wa tsuntsu zobe mai lamba da sunan ƙasar da aka kama shi. In na karanta wannan, shi ke nan, na sani.

Kawu masunci ne. Na roƙe shi, in ta faɗa taru ya ajiye mini ita da rai.

"Ya zol, kai mutumin nan," in ji shi, "kai da raksha, me ya haɗa ka da kaza?"

Ta kuwa faɗa. Shi ya kira ni da kansa. Na sauke fasinja a rabin hanya, yana zagina, na kama hanyar gidansu.

Ƙanshin miya na tarar. An yanka ta.

"Ina zoben?"

Matar Kawu ce ta amsa, ko juyowa ba ta yi ba. "Ƙarfe mai rubutun da ba na allo ba, a tarun mijina, shekarar da kifi ya ƙi? Aiki aka yi mana, ɗana. Na sa ya kai shi tsakiyar ruwa."

"Kawu, me aka rubuta a jiki?"

"Na duba ne? Da tsumma na riƙe shi."

Suka zubo mini abinci. Na ci, don yunwa nake ji, kuma wannan ma ya tsaya mini a rai. Na ce ba komai, baɗi wata za ta zo.

Kafin baɗi yaƙi ya zo. Bakin kogi ya zama wurin da ba a tsayawa, balle a ƙura wa ruwa ido. Muka bar Khartoum. Kajin ruwan kuwa na san suna nan suna zuwa, ba shingen da ke tare su.

Har yau ban san ƙasarta ba. Ku da ke kusa da ruwa, a Nilu ko Tafkin Chadi ko ina ne, wa ya taɓa riƙe tsuntsu mai zobe? Me aka rubuta a naku?