Ranar da Inna Ta Hau Hasumiyar Alkahira

Ina cikin aji a Damana, ranar Litinin da hantsi, wayata ta yi ta motsi a aljihu. Ba na ɗaukar waya a gaban ɗalibai, amma da kiran ya ƙi tsayawa sai na fita bakin ƙofa. Yayata Saratu ce daga Filinge. Ta ce, "Auta, sai haƙuri. Inna ta cika ɗazun nan." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na koma na rubuta wa yara aiki a allo, sannan na tafi neman mota.

Mahaifiyarmu, Hajiya Hawwa, wadda duk Filinge ke kira Madam, ta ƙare ƙuruciyarta da ƙarfinta tana koyarwa a lekol ɗin firamare. Ba mace ce mai yawan magana ba, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya gan ta zaune a aji ba. Tana da wata tambaya da duk wanda ya zauna da ita ya sani. Wata shekara iskar farkon damina ta kwashe ajin zana da take koyarwa a ciki, malamai suka yi cirko-cirko suna kallon ɓarnar. Ta zo ta duba, ta ce, "Mi ya rage?" Aka ce allo da yara. Ta ce, "To, a kai allon gindin dogon yaro." A nan suka ƙarasa shekarar. Da mahaifinmu ya rasu kuwa, ta same ni ina kuka na ƙi komawa makaranta. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta miƙo mini jakata ta ce, "Kuka ba laifi ba ne, amma a yi shi ana tahiya."

Bayan ta bar aiki ne idonta ya fara ba ta wahala. Tana tuntuɓe da kujera, mutum ya zo ta gefenta ba ta gan shi ba. Ita da mu duka muka ɗauka tsufa ne. Da aka je Yamai, likita ya ce tansiyon ido ne, wato hawan jinin ido, kuma ya yi nisa. Lokacin ina karatu a Alkahira, sai 'yan'uwana suka yi shawara a kawo ta can ko za a dace.

Likitan Alkahira bai ɓoye mana komai ba. Ni nake fassara. Ya ce idon dama ya riga ya mutu, na hagu kuma yana gani ne kamar mai leƙe ta cikin bututu. Na fassara mata. Inna ta dafa gwiwata ta ce, "Tambaye shi mi ya rage." Ya ce aikin da za a yi jibi zai iya jinkirta makantar, amma ba zai maido da abin da ya tafi ba. Ya ƙara da cewa da an gano da wuri, da maganin ɗigawa ya wadatar.

A hanyar komawa masauki ta hango wani gini dogo, mai ramuka-ramuka, ta ce ya yi kama da zana da aka naɗe aka tsayar. Na ce hasumiyar birnin ce, mutane na hawa su kalli gari da kogin Nilu.

Ta ce, "Gobe ka kai ni."

Na san Inna. Ko soron gidanmu ba ta hawa, jiri yake ɗibarta. Na ce, "Inna, ki huta. Akwai layi, akwai rana, ga aiki jibi."

Ta ce, "Auta, shekara da shekaru ina zana wa ɗiyan mutane kogin ga da shuɗin alli, ban taɓa ganin shi ba. Bayan jibi ban san abin da za a bar mani ba. Gobe ka kai ni."

Washegari da la'asar muka shiga layi. Wani ma'aikaci ya kawo mata kujera, ta yi godiya ta ci gaba da tsayuwa. Da muka shiga asansar, ɗakin ƙarfen nan da ke hawa da mutane, ta damƙe wuyan hannuna har sai da farcenta ya bar shaida, leɓunanta suna motsi da addu'a. Aka buɗe ƙofa a can sama, iska ta buge mu. Ta manne da bango ta rufe ido. Na ce mu koma, ba dole.

Ta ce, "Ban zo ganin bango ba."

Ta saki bangon, ta ja ƙafa, ta sake ja, har hannunta ya taɓa ƙarfen da aka kewaye wurin da shi. Da yake ganinta ya ƙuntata, ba ta iya ɗaukar garin gaba ɗaya. Sai ta riƙa juya kanta a hankali, kamar mai bin layin karatu. Ga kogi ya rabu biyu ya rungumi tsibirin da muke kai, ga gadoji, ga jirage masu farin ƙyalle, ga gidaje har iyakar ganin ido. Sai ta yi 'yar dariya ta ce, "Ashe ba shuɗi ba ne. Na cuci yara." Na nuna mata dalolin Fir'auna da ke can nesa dishi-dishi. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Su kam ban gan su ba. In mun koma kada ka ce na gani." Sai da ta kewaye hasumiyar nan kaf.

Da muka dawo inda muka fara, ta tambaye ni ina ne wajen gida. Na juya ta tsakanin kudu da yamma. Ta tsaya fuskarta a can, ta ce, "Ka ji abin da likita ya ce, maganin ɗigawa kawai. Mutum nawa ne a ƙasarmu ta Kurfai ke tuntuɓe yanzu suna cewa tsufa ne? Ni da na yi lekol ban sani ba, bale su."

An yi aikin, ta samu ɗan lokaci, daga baya hasken ya ɗauke gaba ɗaya. Ban ji ta yi ƙorafi ba. Ta ɗauki sanda ta fara bin kasuwanni. Ranar kasuwar Filinge tana rumfar masu hatsi, wata ranar tana Tabla, wata tana Damana, har Sanam ta je a motar 'yan kasuwa. Takan tsaya cikin mata ta ce, "Ku dube ni da kyau. Wanga ciwo ba ya zafi, ba ya sallama. Wanda ya ga gefen idonshi na duhu, ya tahi a auna." Ta yi ta sintiri a ofisoshi, ana ce mata gobe, tana komawa goben, har aka fara turo masu auna ido daga Yamai. Da hanyar Sanam ta daina biyuwa saboda rashin tsaro, muka hana ta tafiya. Ta yi fushi na kwana biyu, sannan ta sa Saratu ta koya mata aika murya ta waya.

A wurin zaman makoki wani dattijo makiyayi ya zo daga wajen Sanam, duk da halin hanya. Bai san kowa a gidan ba. Bayan ya yi gaisuwa ya fito da 'yar kwalbar magani daga aljihu ya nuna mini, ya ce, "Ita ta tare ni a kasuwa, ta ƙi sakin rigata sai da na yi alkawarin zuwa a auna idona. Har yau ina gane shanuna ɗaya bayan ɗaya."

Mu 'ya'yanta duk mun je an auna mu, domin ciwon yana bin jini, kuma an same shi a idon Saratu da sauran lokaci. Mun yi shawara ba za a bar rumfar masu hatsi babu mai magana ba. Saratu za ta riƙe Filinge, ni Damana da Tabla.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya gafarta mata kurakuranta, Ya karɓi wahalar da ta sha a kan 'ya'yan mutane. Ya ba mu haƙurin rashinta, mu da jikokinta da ɗalibanta, Ya kawo zaman lafiya a ƙasar Kurfai. Allah Ya yalwata kabarinta, Ya cika shi da haske, Ya tashe ta da idanu masu gani cikin waɗanda za su dubi fuskarSa. Amin.