Gidan Ƙofar Guga da Ya Ƙi Sayuwa

Gwadabe mai gyaran keken ɗinki ne, kuma duk telan da ya taɓa kai masa aiki ya san maganarsa ɗaya ce. Ko kan keken ya tsage gida biyu, zai ɗaga shi, ya leƙa ƙasansa, ya hura, sannan ya ce, "Abu kaɗan ne." Tun yana saurayi yake faɗin haka, har teloli suka manta sunan ubansa, suka koma kiransa Gwadabe Abu-Kaɗan.

A cikin birnin Katsina aka haife shi, ɗa na bakwai a gidan wani mai sayar da goro. Boko ya tsaya a aji uku na sakandare. Ba rashin kai ya tsayar da shi ba. Agogon bangon ofishin shugaban makaranta ne ya daina tafiya, Gwadabe ya sauke shi ba tare da an sa shi ba, ya kwance, ya haɗa, ya mayar, ƙusoshi uku suka rage masa a tafin hannu. Da ubansa ya rasu aka raba gado, rabonsa a gidan bai kai shimfiɗar tabarma biyu ba. Yayyensa suka fanshe shi, ya sayi akwatin kayan aiki da tsohon babur. Babur ɗin yana nan har yau, shi kaɗai ya san yadda ake tashinsa.

A kan keken ɗinki hannunsa yana da kyau, wannan ba a musu. Ciwonsa tausayi ne. Gwadabe ba ya iya ganin abu ya lalace ya wuce shi. Fanka marar fiffike, rediyon da ya sha ruwa, dutsen guga mai jan mutane, duk sai ya kwaso ya kawo gida wai zai duba. Matarsa Zulaihat ta yi shekara goma sha tara da shi, ta haifi 'ya'ya huɗu, ta yi ƙaura sau takwas daga gidan haya zuwa gidan haya, kuma kowace ƙaura sai an yi wa matattun fankoki amalankensu daban.

Ana nan haka, shekara biyu da suka wuce, mai gidan da suke haya ya aiko cewa ɗansa zai yi aure wata biyu bayan Babbar Sallah, yana son ɗakunansa. Zulaihat tana tankaɗe aka kawo saƙon. Ba ta ajiye rariya ba.

"Baban Rashida," ta ce, "ƙaura ta tara ita ce ta ƙarshe. Daga can in aka sake ɗaukata, to a makara ne."

Abin da ya tara, da rabonta na gonar ubanta da aka sayar, in an haɗa zai sayi abu ɗaya cikin biyu. Akwai fili can bayan Batagarawa, ba komai a kansa sai ciyawa da turakun siminti huɗu. In shi suka saya, haya za su ci gaba da yi har ranar da Allah Ya hore gini. Akwai kuma tsohon gidan ƙasa a Ƙofar Guga, zaure da ɗaki uku da rijiya. Mai shi ya daɗe da rasuwa, magada sun watsu Kaduna da Abuja, shekara bakwai gidan yana hannun wani dillali mai suna Ɗanladi, farashinsa sai sauka yake yi.

Ranar da Gwadabe ya je gani, Ɗanladi bai bi da shi ta ƙofa ba. Ya zagaya da shi lungu, inda katanga ta zube, ya tattare rigarsa ya tsallaka.

"Ina zauren?" in ji Gwadabe.

"Yana nan a kulle. Ni dai shekara bakwai ban sa ƙafata ciki ba, ina da iyali. Kowa ta nan yake shiga."

Tsakar gidan ta cika da tafasa. Ƙofar ɗaki ɗaya a jingine take, katangar baya ta turo ciki kamar mai wata takwas, ɗakin ƙarshe kuwa ba rufi ko kaɗan, har wata 'yar darbejiya ta tsiro a tsakiyarsa. Da wani ne, da ya juya tun daga nan. Gwadabe ya tsaya yana kallo, idonsa na ƙyalli. Bai taɓa ganin lalataccen abu mai girman wannan ba, kuma na sayarwa.

"Abu kaɗan ne," ya ce.

Da suka fito, dattawa shida na zaune a dakalin ƙofar gidan, ƙarƙashin inuwar babbar darbejiya. Aka gaisa, aka tambayi gida da iyali da aiki da zafi, aka sake tambayar iyali. Sannan wani dogon tsoho mai tafin hannu kamar faranti ya ce ya matso. Shi ne Baba Sammani, tsohon magini.

"Yaro, ɗan wane ne kai?"

Gwadabe, mai shekara arba'in da shida da furfura a gemu, ya faɗi sunan ubansa.

"Mai goro? Allah Ya jiƙanshi, mutumin kirki. Don shi zan faɗa maka gaskiya. Shekara arba'in ina gini. Zauren nan ba zai ga ƙarshen daminar bana ba. Gara ta cinye azara, saura ɓawo."

"Ka faɗa mashi maganar macijin," in ji wani ɗan gajere mai tabarau, Malam Babaji, wanda ya yi ritaya a masinjan kotu.

"Wane ciki?"

"Na rijiya."

"Ai wannan ba maciji ba ne, mu dai muna ce mashi maciji don a zauna lafiya."

Sauran huɗun suka gyaɗa kai tare. Malam Babaji ya ƙara da cewa mutum na ƙarshe da ya zo taya gidan, malamin asibiti ne, kafin sati ya zagayo aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Funtuwa.

Gwadabe ya koma gida zuciyarsa ta rabu biyu. Bangon da ya tsage ba ya ba shi tsoro. Amma magini na shekara arba'in ya yi magana, kuma ga 'ya'ya huɗu da za su riƙa wucewa ta zauren nan safe da yamma. Kwana uku yana juya abin. A shago ya ɗaura wa wani tela allura a baibai. Teloli suka ba shi shawara kyauta, rabi suka ce fili ba ya ruɓewa, rabi suka ce fili ba ya tare ruwan sama. A rana ta huɗu ya zayyana wa Zulaihat komai, har da macijin da ba maciji ba, ya ce gara su haƙura da filin Batagarawa.

Ta saurare shi har ya gama.

"Lokacin da suke ce maka zauren zai faɗi, ina suke zaune?"

"A dakali."

"Dakalin yana jikin me?"

"Jikin zauren."

"Sun jingina?"

"Ɗaya ma gyangyaɗi yake yi."

"To. Kai in an kawo maka keke na sayarwa, kana saye don mai shi ya ce lafiya lau, ko kana ƙi don maƙwabcinshi ya ce ya mutu?"

"Sai na sa ƙyalle na taka."

"Gidan ƙasa ruwa ne ƙyallenshi. Ranar da hadari ya haɗo, ka zo ka ɗauke ni."

Ranar Laraba bayan Azahar gabas ta yi baƙi. Gwadabe ya rufe shago, ya ɗauko ta a babur. Suna dab da unguwar ruwa ya sauko, babur ɗin ya yi tari biyu ya mutu. Ya buɗe baki zai yi magana, ta ce, "Kada ka faɗa." Suka ƙarasa a ƙafa, shi yana turi, ita ta rufa da ledar shimfiɗa.

Dakalin ba kowa. Amma ƙofar zauren da aka ce a kulle take tana buɗe kaɗan, kuma daga ciki ana jin muryar rediyo da ƙamshin shayi. Gwadabe ya yi sallama ya tura.

Dattawan shida suna ciki a kan tabarmi, ƙafa a miƙe. Ga buta a kan gawayi, ga dara an haƙa mata gurbi a ƙasa, ga carbi a rataye a ƙusa. Waje ruwa kamar da bakin ƙwarya, cikin zauren ko ɗigo babu. Gwadabe ya ɗaga kai. Azara jere sumul, yaɓen bana ne a jikin bango, har da sawun yatsu.

Aka amsa sallamar a sanyaye. Malam Babaji ya ce su ma fakewa suka yi, sun sayar da rai.

Zulaihat ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake kowa ba. Sannan ta dubi rufin, ta girgiza kai, ta yi magana da mijinta, amma yadda kowa zai ji.

"Baban Rashida, gaskiyar su Baba ce, mu tafi. Wanda ya gina zauren nan bai san aiki ba. Dubi yadda ya jera azara kamar mai shanyar rake. Irin maginan nan ne masu cin kuɗin mutane."

Baba Sammani ya ajiye kofin shayinsa.

"Ɗiyata, me kika ce?"

"Na ce ƙila almundahana aka yi, Baba. Ba laifinku ba ne."

"Ni na jera azarar nan." Ya miƙe, kansa ya kusa taɓa rufi. "Ni da maigidana, tun ba a haifi mijinki ba. Giginya ce daga dajin Jibiya, ni na zaɓe ta da hannuna. Gara ta zo ta gwada ta bar haƙoranta. Kowace shekara ni ke hawa in yaɓe, in share indararo. Zauren nan sai ya ga jikokin jikokinki."

"Sammani," in ji Malam Babaji a hankali.

"Ka ƙyale ni. Shanyar rake?"

Can Malam Babaji ya cire tabarau ya goge, ya ce shi ke nan, shekara bakwai sun tafi a banza. Ya faɗi abin da ke ƙasa ba kunya. Tun mai gidan yana raye a nan suke zama. Gidan da ke kallonsu, da aka saye shi, sabon mai shi ya fasa dakali ya yi shaguna uku da garejin mota. In aka yi wa wannan haka, ina za su? Gida, mata su ce sun tare hanya. Masallaci, ladan ya kulle bayan salla.

"To malamin asibitin fa?" in ji Gwadabe.

"Dama an yi mashi canjin tun kafin ya zo. Mu dai mun ji labari ne."

Tunda asiri ya tonu, Baba Sammani ya ga ba zai bari a ce bai san gini ba. Ya yafa buhu a ka, ya buɗe ƙofar ciki da makullin da ke aljihunsa, ya zagaya da su cikin ruwan. Ɗakin farko lafiya lau. Na biyu yana yoyo a kusurwa, ya ce indararo ne ya toshe, aikin yini ɗaya. Na uku sai sabon rufi. Rijiya ba komai cikinta sai ruwa da guga biyu da suka faɗa. Da suka iso katangar baya, ya sa yatsa a gindinta, yatsan ya shige har ƙarshe.

"Wannan ita ce gaskiyar da ba mu taɓa faɗa wa kowa ba, don ba mu lura da ita ba sai bara. Ruwan lungu ke cin ta. Sai an rushe, an sa harsashin dutse. Ba a kwana da yara kusa da ita."

Gwadabe ya tsuguna, ya leƙa, ya ƙwanƙwasa. Bakinsa ya fara motsi. Zulaihat da tsohon suka zuba masa ido. Ya sake tura nasa yatsan, laka ta biyo shi.

"Wannan babba ne," ya ce.

Zulaihat ta ce a shekara goma sha tara ba ta taɓa jin ya faɗi haka ba, saboda haka a sayi gidan.

Sharuɗɗan ita ta gindaya su, Gwadabe ya kai su gaban mai unguwa ranar da aka yi takarda da wakilin magada. Dakali yana nan, zaure na dattawa ne daga hantsi zuwa Magariba. Baba Sammani shi zai tsaya kan magina har a gama katanga. Gwadabe zai ɗauko ruwa, zai miƙa bulo, amma ba zai gyara komai da hannunsa ba. Sharaɗi na ƙarshe ba a rubuta shi ba: ko fanka ɗaya ba za ta wuce zaure ta shiga cikin gida ba.

Sun tare saura kwana tara bikin ɗan mai gidan haya, su shida a ɗaki biyu. Katanga ta tashi kafin kaka. Ɗaki na uku har yau ba rufi, Zulaihat ta sare darbejiyar ta zuba kaji. Ta ce ba ta gaggawa, ba mai aiko mata da saƙo.

Fankokin kuwa, da rediyoyin, da agogo goma sha ɗaya, suna jibge a zaure, sun cinye rabin wurin tabarma. Dattawa shida yanzu a takure suke zama, gwiwa na gugar gwiwa. Akwai wata fanka mai tsaye da Gwadabe ya yi musu alkawari tun zafin bara. Kullum zai fita da safe yana tura babur, Malam Babaji sai ya tambaye shi yaushe za ta juya.

"Abu kaɗan ya rage, Baba."

Malam Babaji ya ci gaba da fifita da murfin kwali.