Ranar da Goggo Nas Ta Gyara wa Maryamu Riƙon Jariri

Shekara talatin da ɗaya Goggo Nas ta yi a ɗakin haihuwa, kuma ko sau ɗaya ba ta ci Kirsimeti a gida ba. Ba hana ta aka yi ba. Ita ba ta yi aure ba, abokan aikinta kuwa duk masu iyali ne. Da an liƙa jadawalin Disamba sai ta zaro biro, ta soke sunan wata ta sa nata, ta ce, "Ku je ku soya kajinku, jarirai ba su san kalanda ba." Rabonta da bikin shi ne ƙararrawar coci da take jiyowa daga nesa, sai kular shinkafa da ƙanenta, direban tasi, yake kai mata, ta ci a tsaye.

Bana ta ajiye aiki. Tun saura mako biyu ta hana gidan ƙanen nata sakat. Ta ɗinka kaya ja da kore, ta sayo takalmi mai tsini, ita da ƙafarta ba ta san komai ba sai na roba. Kullum da yamma tana gwajin tafiya daga falo zuwa kicin, tana dafa bango, tana rera waƙa da muryar da ke tayar da karen maƙwabta.

"Yaya, a dai bi a hankali," in ji ƙanen. "Kada mu ci bikin a ɗakin ɗori."

"Kai dai wanke motarka. In na faɗi, duk ma'aikatan asibitin yarana ne."

Ran Kirsimeti ta riga mai shara isa coci, ta kama bencin gaba. Komai ya burge ta, balan-balan, fitilu masu ƙyalƙyali, har sanarwa sai da ta yi wa tafi. Matar ƙanenta ta gaji da jan gefen zanenta, ta ƙyale ta.

Sai aka zo wasan kwaikwayon yara na labarin Kirsimeti. Wata 'yar shekara tara ta fito a matsayin Maryamu, ta saƙalo 'yar tsana a hammata, kai a ƙasa yana reto. Goggo ta ciji leɓe, ta kawar da kai. Amma da yarinyar ta ɗaga tsanar ta ƙafa ɗaya za ta jefa a kwalin da aka cika da ciyawa, sai aka ji ƙwas-ƙwas, Goggo ta haye dandamali.

"Tsaya, 'yata. Wuya ake fara tallafewa."

Ta karɓi tsanar, ta warware tawul ɗin da ke jikinta, ta sake naɗe jaririn tsaf, ta ɗora mata a ƙirji. Ta juya wajen yaron da ya fito a matsayin Yusufu, mijin Maryamu, wanda gemun audugarsa ya karkace.

"Kai kuma maigida, ka saki baki kana kallo? Jawo mata kujera, yanzu fa ta sauka."

Yaro ya ruga ya kawo. Yaran da suka fito a matsayin makiyaya suka matso da sandunansu, ta tare su da hannu. "Masu barka biyu-biyu. A cikinku wa ya wanke hannu?"

Sai da coci ta kece da dariya sannan ta tuna inda take. Ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta na rawa. Fasto ya daɗe yana share hawaye kafin ya iya magana.

"Duk wanda hannun Goggo ne ya fara taɓa shi a duniya, ya miƙe."

Mai ganga ya miƙe. 'Yan matan mawaƙa suka tashi kusan duka, sai mai gyaran rediyo da 'ya'yansa uku, sai Maryamu da rabin makiyayan. Fasto, da yake a tsaye yake, ya ɗaga hannu.

"Har kai?" in ji Goggo. Ta ƙura masa ido. "Ba kai ne ka zo duniya ta ƙafa ba, ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya?"

"Haka Mama ta ce."

"Ai kuwa ka ba ni wahala, ɗan nan."

Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ita a tafin hannu ta san su, jajaye, suna tsala ihu, ga su yau wasu har da gemu. Dariya take yi, hawaye na ɗiga a kan sabon ɗinkin.

Da aka tashi, gida goma sha ɗaya suka yi rantsuwa sai ta ci abincinsu. Ƙanen ya cika tasi da iyalinsa, aka shiga zagaye. A gida na uku ta yi rawa da tsofaffin mata har suka nemi kujera suka bar ta a fili. A na shida ta ce ko cokali ɗaya aka ƙara mata sai dai a kira tsoffin abokan aikinta, amma da aka yanka kek ta karɓi yanka biyu. A nan matar Fasto ta same ta, ta roƙe ta ta riƙa koyar da yara ranar Lahadi.

"Su nawa ne?"

"Arba'in da bakwai, kuma ba sa jin magana."

Goggo ta lashe yatsa, ta ce a tara mata su wannan Lahadin, ƙarfe takwas.