Ranar da Yayata Ta Rubuta "Ta Zo"

Yayata ta yi shekara talatin da ɗaya tana koyar da 'yan aji huɗu, kuma duk wanda ya san ta zai ce maka mace ce mai naci. Naci kam akwai shi. Yaro ya yi fashin kwana ɗaya, kafin uwarsa ta sauke tukunya ga Malama a bakin ƙofa tana haki, tana tambayar ko lafiya. Sau uku ana ba ta takardar yabo saboda ajinta ba a fashi. Ni ce ƙanwarta, tela ce ni, ɗaki ɗaya muke kwana tun da mijinta ya rasu nawa kuma ya kama gabansa, don haka na san inda takardun suke. Suna ƙarƙashin katifa, a kife.

Ba haka ta fara ba. Da can mace ce mai dariya, irin wadda in ta fara sai ta riƙe bango. A shekararta ta shida da fara aiki aka kawo musu sabon hedimasta, ya zo da tsari. Ƙarfe takwas da rabi kowane malami ya kira suna, ya rubuta waɗanda ba su zo ba a 'yar takarda, ya aika ofis. Masinjan makaranta ya hau kekensa ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya kafin goma. Wanda kuma ya yi fashi uku a zango ba takardar asibiti, ba zai zauna jarrabawa ba, sai ya maimaita aji. Tsakani da Allah tsarin ya yi aiki. Yaran da ke laɓewa bayan shaguna duk suka dawo kan benci.

A ajinta akwai wata yarinya 'yar shekara tara da ke zama bakin taga, saboda tana da asma, ƙurar alli tana tayar mata. Ga kai kamar me, kullum hannunta a sama. Uwarta a masaƙa take aiki, ƙarfe shida take fita. Uban direban babbar mota ne, sai wata-wata ake ganinsa. Yarinyar ta riga ta yi fashi biyu, kuma wa zai bar aiki ya je layin asibiti don karɓo takarda?

Wata Talata, saura mako biyu jarrabawa, bencin bakin taga ya wayi gari ba kowa. Yaya ta kira sunan sau biyu. Ta leƙa waje. Sai ta ce a ranta, haba, yarinya irin wannan ta maimaita aji don ciwon da ba ita ta ɗora wa kanta ba? Ta ɗaga biro ta yi mata alamar ta zo. Sunan bai shiga 'yar takardar ofis ba.

Masinja ya bi ta layin su yarinyar a ranar, wallahi ya bi. Gida biyu ne tsakaninsu da inda aka aike shi. Ya wuce ƙofarsu yana kaɗa ƙararrawar keke.

Ƙarfe huɗu uwar ta dawo ta same ta a ƙasa, kusa da ƙofa. Mai gugan da ke tsallaken titi ya ce ya ji tari tun safe har wajen sha ɗaya, daga nan ya ji shiru, ya ɗauka barci ta yi.

Ba wanda ya tambayi rajista. Hedimasta ko ya gani ko bai gani ba, bai ce uffan ba. Ni kaɗai Yaya ta faɗa wa, ina tsaka da yankan yadi. Na ce, "Yaya, ajali ne, ko masinja goma aka tura sai ta tafi." Ta dube ni ta ce, "Ke, kar ki ƙara faɗa min haka." Na ƙara, ya fi sau ɗari, don ni ba na jin magana, amma bai taɓa shiga kunnenta ba.

Daga ranar ba ta sake kiran suna a zaune ba. Sai ta bi layi-layi da littafin a hannu, ta kira yaro, ta dafa kansa, sannan ta yi alama. Yara suna yi mata dariya, wai Malama tana duba ko kankana ta nuna. In ba ta dafa kai ba, ba ta jiran masinja, ana fita hutun tara take zura takalmi. Ta ciro yara daga ɗakin zazzaɓi, daga bayan teburin talla, ta taɓa sa a ɓalle ƙofa a kan wasu 'yan biyu da hayaƙin risho ya bugar. Iyaye wasu su gode, wasu su zage ta tas. Duka ɗaya ne a wurinta.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙarfe sha ɗaya. Malaman da suka yi aiki da ita sun ce in lokacin ya yi sai ta tsaya cak a tsakiyar magana, alli a hannu, ta karkata kai wajen taga. Bayan ta yi ritaya na gani da idona. Ina kan keken ɗinki sai ta ɗaga min hannu ta ce, "Tsaya. Ba ki ji ba?" In ce me zan ji ban da mai gyaran babur? Ta ce tari. Ni ban taɓa ji ba, amma na daina taka keke a wannan lokacin, kuma ina jin haushin kaina a kan haka.

Ita kuwa uwar yarinyar, baiwar Allah, duk inda ta ga Yaya sai ta rungume ta. Ƙannen yarinyar biyu da aka haifa daga baya, da kanta ta je ofis ta roƙa a sa su a ajin Malama, wai ita ce mai ƙaunar marigayiya. Duk ranar da suka gaisa, Yaya ba ta cin abinci.

Bara ƙafafun Yaya suka kumbura, likita ya fara yi mana magana a hankali. Wata safiya ta jawo akwati ta fito da tsohuwar rajistar. Ashe da makaranta za ta ƙona tsofaffin takardu ta sace ta. Ta ce in kai ta gidan uwar yarinyar. Na yi faɗa kamar zan tashi unguwa. Na ce shekara ashirin da biyar, mata ta haƙura ta yi jikoki, ke za ki je ki tone mata ciwo don ki samu sauƙin naki? Ta ce, "Na ji. Kira tasi."

Muka same ta tana tsince wake a tire, gashi duk ya yi fari. Ta yi murna, ta shimfiɗa mana tabarma. Yaya ta ƙi ruwan da aka kawo. Ta buɗe littafin a kan cinyarta, ta sa yatsa a kan layin, ta faɗi komai tun daga kiran suna har zuwa keken masinja, ba ta rage ko ɗaya ba. Ta ce, "'Yar'uwa, da ban yi wannan alamar ba, da ƙarfe tara da rabi an ƙwanƙwasa miki ƙofa."

Matar ta daɗe tana kallon tiren. Can ta ce, "Malama, da masinjan ya zo, kwaɗo zai tarar. Ni na kulle ta ta waje. Ta sa kayan makaranta tana kuka sai ta je, wai in ta ƙara fashi za a hana ta jarrabawa. Na ga ƙirjinta yana sama da ƙasa, na ce ba inda za ki. Na san ina juya baya za ta fice, shi ne na kulle. Ko ubanta ban faɗa wa ba har ya mutu."

Yaya ta ce, "Da ya ji tarin, da ya ɓalle."

"Wataƙila," in ji matar.

Ni dai na rasa inda zan sa idona. Yaya ta laluba jaka ta ciro biro. Ta ce ta zo ne ta gyara a gabanta, ta soke ƙaryar ta rubuta gaskiya, ko ta samu ta kwanta da sauƙi.

Matar ta ja littafin gabanta. Ba ta iya karatu sosai ba, sai da Yaya ta nuna mata sunan, ta bi layin da yatsa har zuwa ranar.

"Nan cewa ya yi ta zo?"

"Haka ya ce."

Ta kama hannun Yaya, ta zare biron a hankali ta miƙo min.

"Ki bar mata, Malama. Ta so zuwa."