Duƙusar Baba Jaji

A wani ƙauye tsakanin Bici da Watari, inda gona ke gogar gona har akuya ba ta da wurin miƙe ƙafa, mutum ɗaya ne ya nace wa kiwon doki: Baba Jaji. Babarbare ne, amma a nan aka binne cibiyarsa. Mahaifinsa ya zo fatauci daga Borno a kan wata doguwar goɗiya mai siririn wuya, ƙasa ta karɓe shi, ya zauna. Goɗiyar ta haifi goɗiya, ita ma ta haifi wata, har aka zo kan Gunya, wadda daga ita babu saura.

Jaji manomi ne kamar kowa, gero da wake da ɗan tumatir na rani. Sai dai harawar da wasu ke kaiwa kasuwa, shi a bakin Gunya take ƙarewa. Ga shi da iyayi. Duk ingarman da aka kawo don a yi wa Gunya baye, sai ya kewaya shi, ya taɓe baki: wannan gajere ne, wancan kansa kamar turmi. Matarsa Fanna takan ce, "Malam, ko 'yarka Hafiza ba ka tsananta mata zaɓen miji haka ba."

Yana cikin zaɓe tsufa ya cim ma goɗiyar. Da ƙyar ya yarda da dokin wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau. Gunya ta ɗauki ciki, ta haifi duƙusa a farkon bazara, amma haihuwar ta fi ƙarfinta. Kafin la'asar ta mutu.

Jaji ya zauna a gindin turke, duƙusar tana laluben gwiwarsa tana neman nono. Ya gwada mata madarar akuya a kwalba, ta ƙi. Tsoro ya kama shi sosai, don ya san in ta bi uwarta, irin dokin mahaifinsa ya ƙare a hannunsa, kuma jan ƙafarsa ne ya jawo.

Sai ga maƙwabciyarsu Inna Hure, tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli, ta yi sallama janye da jakarta, macen jakin da ɗanta ya mutu a satin, hantsarta cike da nono. Kowa ya san Jaji bai ɗauki jaki a bakin komai ba, ko kusa da turkensa ba ya bari a ɗaure shi.

"Inna Hure, jaka fa?" in ji shi.

"To Malam, kai za ka shayar da ita? Matsa mini."

Ta sa aka yi wa jakar dabaibayi don kada ta yi harbi. Ta tatsi nonon, ta jiƙa kanwa a ciki, ta shafe bayan duƙusar da shi tun daga wuya har wutsiya. Jakar ta sunsuna, ta kau da kai, ta sake sunsunawa, kwaɗayin kanwa ya ja ta ta fara lasa. Tana lasa duƙusar ta kama nono. Jaji ya juya baya yana goge ido da hannun riga, wai ƙaiƙayi ne ya faɗa masa.

Duƙusar ta rayu, ta yi tsawo har ta kere mai shayar da ita. Da aka yaye ta, ko kallon jakar ta daina yi. Amma har yau, kullum da hantsi, za ka ga Baba Jaji da damin harawa a ka, yana ratsa ƙauye zuwa gidan Inna Hure, ya zube a gaban jakar, ya tsaya sai ta ci.

Wata rana Hure ta ce, "Haba Malam, ka huta mana. Ita kanta duƙusar ai ta manta."

Ya ce, "Ita dabba ce, Inna. Ni da wane ido zan manta?"